Kwana huɗu a Jarba, wurin masu riƙe da mabuɗi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina ma'ajin masallacin unguwarmu a Maraɗi. Ni ke riƙe da littafin kuɗi, ni ke biyan kuɗin wuta, ni ke sayen tabarmi da butoci, mabuɗin ɗakin injin wuta kuma a aljihuna yake kwana. Da tafiyar Tunisiya ta taso cikin azumin 2019, kafin in ɗaure kaya sai da na kai wa ladan mabuɗi da littafi. Na zaunar da shi, na nuna masa bashin mai da ake bin mu, da sunan wanda ya yi alkawarin buhun sukari bai kawo ba tukuna. Na kawo wannan tun farko ne domin da idon ma'aji na kalli abin da na gani a can, mai karatu ya san da haka.

Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba. Kawu, ƙanin mahaifiyata, za a yi wa tiyatar ƙugu a Tunis. Ɗansa yana karatu a can, sai dai babu mai riƙe hannun tsoho a hanya, aka ce ni ne. Muka shiga motar asuba, jaka goma-goma, muka kama hanyar Yamai, wajen kilomita 660. Madawa, Galmi da warin albasarta, Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso. A bakin kowane babban gari jandarmomi su tsayar da mota, a sauko a nuna katin shaida. Da sun leƙo sun ga Kawu da sandarsa sai su ce, "Baba, yi zamanka." A Yamai muka sha ruwa, garin duk ƙura da ƙarar injuna, ana ta gine-ginen taron Tarayyar Afirka da za a yi a watan Yuli. Ɗan Nijar ba ya bukatar biza don shiga Tunisiya, wannan ya rage mana wahala ƙwarai. Jirgi ya ɗauke mu cikin dare, muka sauka Tunis.

An yi aiki lafiya. Likita ya ce sai Kawu ya yi kwana goma kafin a sake duba shi a sallame mu. Ɗansa ya karɓi jinya, ni kuma na zama ba aikin fari ba na baƙi, daga masauki sai masallaci. Azumin can ya fi namu tsawo, kusan awa 16, amma babu zafin nan na Maraɗi mai busar da maƙogwaro tun hantsi. Wata rana bayan shan ruwa na ga talabijin ana nuna shirye-shiryen ziyarar Yahudawa ta shekara-shekara a tsibirin Jarba, ana cewa bana ta faɗo cikin Ramadan. Yaron Kawu ya ce, "Yaya, ai can ne maƙeran azurfa suke. Ba Anti ta ce ka sayo mata awarwaro ba?"

Kawu bai so ba. Ya ce, "Kai ɗana, cikin azumi za ka tafi wurin Yahudu?" Na ce, "Kawu, gani zan yi, ba salla zan yi a can ba." Ya yi shiru, can ya ce, "To riƙe azuminka, ka riƙe bakinka. Baƙo ko da ido makaho ne." Ni ma zuciyata ba ta kwanta gaba ɗaya ba. A gidan da ake yi wa Falasɗinawa addu'a cikin ƙunuti na tashi, har gobe ina yi, mutanen Tunisiya ma haka suke, kowa ka taɓa zai gaya maka. Amma Yahudawan Jarba ba jiya suka zo ba. Suna tsibirin nan tun ƙarnoni masu yawa, Larabci ne harshensu na gida, takardar ƙasarsu ta Tunisiya ce. Kafin 1948 ƙasar tana da Yahudawa wajen 100,000. Yanzu ba su wuce dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa ba, akasarinsu a Jarba. Na so in ga yadda jama'a 'yar kaɗan haka take riƙe ibadarta ba ta watse ba.

Ranar Talata 21 ga Mayu na tafi tashar Monsef Bey, inda ake shiga luwaj mai zuwa kudu. Luwaj farar ƙaramar bas ce mai jan layi a jiki, fasinja takwas take ɗauka, ba tara ba, ba kaya bisa cinya, tana cika ta tashi. Na biya wajen dinari 30. A lokacin dinari ɗaya kusan dala arba'in ne a kuɗinmu, ke nan jaka shida ta kai ni tafiyar kusan kilomita 500. Muka bi babbar hanya ta gefen Susa da Safakis, itatuwan zaitun a jere har iyakar ganin ido, kowa a motar shiru saboda azumi. Daga Gabes ƙasa ta fara bushewa ta koma kamar wajen Tanut. Jami'an tsaro suka tsayar da mu sau biyu, suka karɓi fasfona suka juya shi, suka mayar mini. A Jorf muka shiga layin jirgin fito. Jiran ya fi awa ɗaya, tsallakawar kuwa ba ta wuce minti goma sha biyar ba, sai ga mu a Ajim.

A Humt Suk, babban garin tsibirin, na sauka a wani tsohon masaukin fatake da aka mayar gidan baƙi: tsakar gida a tsakiya, ɗakuna a kewaye sama da ƙasa, inda da can raƙuma ke kwana a ƙasa, masu su a sama. Dinari 40 kowane dare. Mai gidan ya haɗa ni da iyalinsa wajen shan ruwa. Dabino, sai romon shorba mai ɗanyar alkama da aka gasa, sai birik, wato siririn fallen ƙullu da ake fasa ƙwai a ciki a soya. Na ci na gode, amma raina yana wajen kunun tsamiya da ƙosai.

Washegari da hantsi na shiga layin maƙera neman awarwaro. Shagon da na tsaya na wani dattijo ne mai 'yar ƙaramar hula a tsakar ka, ya kai shekara sittin. Muka yi ciniki da Faransanci haɗe da ɗan Larabcina na makarantar allo, ya auna, muka daidaita. Yana naɗe kayan wayarsa ta yi ƙara har sau uku, duk maganar ɗaya ce: wa zai kawo man fitila, wa ya ɗauki mabuɗi, wane ne aka manta ba a sa sunansa ba. Na kasa haƙuri na ce, "Sidi, kai ne limaminku?" Ya yi dariya ya ce a'a, shi gabai ne. Na ce mene ne gabai? Ya ce mai tattara kuɗin ɗakin ibada, mai tsara wanda za a kira karatu, mai jin ƙorafin kowa. Na ce, "To ai ni ma gabai ne." Ya ajiye ma'auni, ya jawo mini kujera. Ya so ya kawo shayi, ya tuna ina azumi, ya ba ni haƙuri, shi ma bai sha nasa a gabana ba.

Da azahar na ɗauki tasi zuwa Hara Sagira, ƙauyen da yanzu ake kira Riyad, kilomita bakwai ko takwas daga gari. Nan Gariba take, tsohon ɗakin ibadar Yahudawa da ake kai wa ziyarar. Tun daga nesa shingaye suka fara: sojoji, 'yan sanda, masu bindiga bisa rufin gidaje, jirgi mai saukar ungulu yana kewaya. Akwai dalili. A watan Oktoba 1985 wani ɗan sanda mai gadi ya buɗe wuta kan masu ibada. Ranar 11 ga Afrilu 2002 kuma 'yan Alƙa'ida suka tayar da motar iskar gas a jikin ginin, kusan mutum 20 suka mutu, 14 daga cikinsu Jamusawa masu yawon buɗe ido. A shinge na ƙarshe wani matashin ɗan sanda ya dubi fasfona, ya dubi babbar rigata, ya tambaye ni ko Musulmi ne ni, ko ina azumi. Na ce ƙwarai. Ya ce, "Marhaba, ya Hajj," ya bi da ni ta na'urar bincike.

A ƙofa ake cire takalmi, namiji kuma sai ya rufe kai. Hulata ta wadatar. Ciki bai kai girman da na zata ba, masallacin Juma'ar unguwarmu ya fi shi faɗi. Amma ado kam akwai: bango duk shuɗin tangaran, bakuna masu fari da shuɗi, bencina na katako, tagogi masu gilashi kala-kala daga sama, ɗaruruwan kyandira suna ci har zafi ya cika ɗakin. Su mutanen suna cewa kakanninsu masu hidimar ɗakin ibadar Annabi Sulaimanu ne suka gudo nan bayan an rushe shi a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa, suka zo da wani yanki na ginin suka aza harsashi da shi. Wannan ruwayarsu ce. Ginin da ke tsaye yanzu na ƙarshen ƙarni na 19 ne. Sunan kuma Larabci ne, Gariba, wato baƙuwa, ana danganta shi da wata yarinya da ta zauna a wurin ita kaɗai ba wanda ya san asalinta. Mata suna rubuta suna a jikin ɗanyen ƙwai, su sunkuya su ajiye shi cikin wani ɗan kogo a ƙasan bango, suna roƙon aure ko haihuwa. Wannan ban ga alaƙarsa da karatun da na ji daga baya ba, ya fi kama da abin da ake yi a kushewar waliyyai a wasu garuruwanmu, wanda malamai ke ta saɓani a kai.

Bikin ana yin sa ne a rana ta 33 cikin kwana 49 da suke ƙirgawa tsakanin idinsu na ƙetarewa da idin saukar Attaura, don tunawa da wani malaminsu na dauri, Shimon bar Yohai. Na hango manya daga nesa cikin cunkoson 'yan jarida. An nuna mini Rabbi Hayim Bitan, babban malamin Yahudawan Tunisiya, wanda a nan Jarba yake zaune. An nuna mini Perez Trabelsi, shugaban kwamitin Gariba, wanda ba malami ba ne, dattijon gari ne da ya daɗe yana riƙe da hidimar wurin. Ɗansa Rene shi ne ministan yawon buɗe ido a lokacin, tun Nuwamba 2018. Kowa idonsa na kansu. Ni nawa idon ya tafi wajen wasu tsofaffi da ke zaune kan benci sun tanƙwashe ƙafa, littattafai a buɗe, suna rera karatu suna rangaji, ba ruwansu da hayaniya. Mai ziyara ya zo ya faɗi sunan mamacinsa ko marar lafiyarsa, su yi masa addu'a, ya ajiye sadaka, wasu su kawo zabibi da gyaɗa da giyar ɓaure da suke kira buha. Na ja baya daga wajen kwalaben. Amma zaman nan da rangajin nan na san su, haka alarammomi ke zama a zaure ranar sadakar bakwai.

Daura da ɗakin ibadar akwai masaukin maziyarta mai faffaɗar tsakar gida. Nan aka yi ta kiɗa da waƙa cikin Larabci, nan kuma na ga gwanjo. Wani mutum riƙe da lasifika yana ɗaga gyale ko wani kayan ado, jama'a suna tayawa da dinari da yuro, wanda ya fi tsada ya samu, mata su rangaɗa guɗa. Gyalen nan da shi ake lulluɓe wata doguwar ma'ajiyar kyandir mai ƙafafun taya, Manara, wadda suke yi wa laƙabi da amarya, a tura ta ana waƙa. A da har cikin ƙauye ake zagayawa da ita, yanzu saboda tsaro ba ta nisa. Kusa da mai lasifikar ga wani a zaune da littafi da alƙalami, kansa a ƙasa, yana rubuta kowane ciniki. Ba wanda ya ɗauki hotonsa. Na daɗe ina kallonsa.

An ce an shirya wa manyan baƙi buɗa-baki na haɗin gwiwa, malaman Musulmi da na Yahudu. Ni magariba ta riske ni a bakin shinge ina neman tasi. 'Yan sandan nan da suka wuni tsaye cikin rana da ƙishi suka buɗe 'yan kwalayen abincinsu bisa bayan mota, wanda ya duba fasfona ya yafito ni, ya miƙo mini dabino uku da gorar ruwa. Muka yi salla a gefen titi su biyu-biyu, sauran suna riƙe da bindiga. Shekara huɗu bayan haka, ranar 9 ga Mayu 2023, na ji a rediyo wani jami'in tsaro ya kashe abokin aikinsa, ya zo ya buɗe wuta a wurin lokacin ziyara, mutum biyar ya kashe gaba ɗaya, maziyarta biyu da jami'an tsaro uku. Fuskar yaron nan ce ta fara faɗo mini, ban ma san sunansa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba a Gariba na gan shi ba. Maƙerin ya ce idan ina son ganin aiki na gaskiya in zo Hara Kabira ranar Alhamis da sassafe, unguwarsu da ke gefen Humt Suk, inda ƙananan ɗakunan ibada suka kai goma ko fiye. Sunan da suke kiran irin ɗakin ya ba ni mamaki: sla. Ya nemi izinin dattawa, aka ba ni benci kusa da ƙofa.

Wani tsoho ne ya riga kowa zuwa, shi ya buɗe, ya share, ya zuba mai a fitilu, ya jera littattafai. Shammash ake ce masa, ma'anarsa hadimi. Maza suka riƙa shigowa, kowa ya yafa farin mayafi mai tuntaye a kusurwa huɗu, ya naɗa baƙar tsirkiyar fata a hannu, ya ɗora ɗan akwatin fata a goshi. Ba a fara wasu sassan ibadar sai maza goma sun cika, daga ɗan shekara 13 zuwa sama. Ba sa ƙirga mutane da ɗaya, biyu, uku. Aya suke da ita mai kalma goma, a bi kawuna da ita, in ta ƙare an cika. Maƙerin ya ce a nan ba sa rasa goma, amma a garuruwan da jama'a ta ƙaura, gabai ne ke bin gidaje yana ƙwanƙwasa ƙofa neman mutum na goma.

Na zata malamin ne zai ja ibada. Ina! Yana zaune a gefe da littafinsa kamar kowa. Wani saurayi ne ya hau dandamalin katako da ke tsakiyar ɗakin ya fara rerawa, jama'a suna amsawa. Shi ne hazan. Wani sunan nasa da Ibrananci yana nufin ɗan aiken jama'a, domin a wurinsu ba shugaba ba ne, aike shi aka yi ya yi magana da bakin kowa. Duk wanda ya iya karatu, aka yarda da halinsa, zai iya tsayawa nan. Aikin rabbi, ko rebbi kamar yadda suke furtawa, shi ne karantarwa, fatawa, duba yanka da halaccin abinci, ɗaurin aure da raba gardama. Ya fi kusa da mufti ko alƙali a wurinmu fiye da limami. Jarba ta yi suna da irin waɗannan malamai. Har yau da littattafan Rabbi Moshe Kalfon Hakohen, wanda ya rasu a 1950, suke kafa hujja kan al'adun tsibirin.

Litinin, Alhamis da Asabar ake fito da Attaura. Aka buɗe ma'ajiya a bangon da ke fuskantar Baitul Muƙaddas, aka ɗauko wani dogon akwati mai ado, kowa ya miƙe. A ciki naɗaɗɗiyar fata ce, rubutun hannu, babu wasali ko ɗaya, babu alamar tsayawa. Wanda ya taɓa wanke allo ya san abin da wannan ke nufi: in ba ka haddace ba, baƙaƙen kaɗai ba za su cece ka ba. Mai karatun yana bin layi da wani ɗan sandan azurfa mai siffar hannu, don kada yatsa ya taɓa rubutun. Abokina gabai ya tsaya a gefensa, wani a ɗaya gefen, kowanne riƙe da bugaggen littafi mai wasali. Can mai karatun ya zame a wata kalma. Kafin ya rufe baki gabai ya jefa masa gyara, wasu uku daga benci suka maimaita da ƙarfi, ya koma ya ɗauko daga baya. Tsigar jikina ta tashi. Daren jiya-jiyan nan na ji an yi wa limamin tarawihi haka a Humt Suk, kuma haka alaramman unguwarmu ke yi daga sahun farko. Ba wanda ya ji kunya, ba wanda ya yi fushi. Littafin ya fi mai karanta shi.

Daga baya na tambayi abin da aka karanta. Sun kasa Attaura kashi 54, suna sauke ta sau ɗaya a shekara. Rabon wannan makon yana magana ne a kan gona: a nome ta shekara shida, a ta bakwai a bar ta ta huta. Na tuna kakana da yake barin saura, kafin mutane su yi yawa gona ta yi kaɗan.

Mutum uku ake kira su tsaya wajen karatun a ranar mako, bakwai ranar Asabar, kuma gabai ne ke kiran suna. Na farko dole ya zama Kohen, wato zuriyar Annabi Haruna, ko da talaka ne, ko da matashi ne, ko da babban malami yana zaune. Na biyu Lawi ne, wato zuriyar Lawi ɗan Annabi Yakubu. Amma a Jarba akwai tsohuwar magana cewa Lawi ba ya zama a tsibirin, wai tun da suka ƙi amsa kiran Uzairu na komawa Baitul Muƙaddas. In babu Lawi, Kohen ɗin nan shi ke maimaitawa. Kafin wannan ma na ga Kohen-kohen ɗin sun cire takalma, an zuba musu ruwa a hannu, suka tsaya gaban jama'a suka lulluɓe kai da hannuwa da mayafi. Hazan yana faɗin kalma ɗaya-ɗaya suna maimaitawa, suna roƙa wa jama'a albarka da tsari da aminci. Iyaye suka jawo 'ya'yansu ƙarƙashin mayafinsu. Ana gamawa, ɗaya daga cikin masu sa albarkar ya naɗe mayafinsa, ya hau babur ya tafi buɗe shago. Matsayin gado ne kamar na sharifai, yana kuma da nauyinsa: Kohen ba ya shiga maƙabarta sai don dangi na kusa, ba ya auren sakakkiya.

Da aka watse muka zauna a dakalin ƙofa, ni da gabai, muka yi hirar da ban taɓa yi da kowa ba, har da limaminmu. Ya ce ziyarar Gariba biki ne na baƙi. Nauyin gaske yana zuwa ne da kaka, lokacin sabuwar shekararsu da ranar Kippur. Wata guda kafin nan ake fara tashi kafin asuba neman gafara, shammash ne mai tada mutane, kamar masu buga gwangwani lokacin sahur. Ranar sabuwar shekara sai an sami mai busa ƙahon rago wanda numfashinsa ba ya yankewa. Ranar Kippur azumin kusan awa 25 ne, ba ci ba sha, ibada biyar maimakon ukun da suka saba, mutum ɗaya ba zai iya ja shi kaɗai ba, sai an raba wa masu murya. Rabon nan, in ji shi, shi ne wuta. Wane mahaifinsa ne ke jan wannan sashe tun shekaru, yanzu ya tsufa muryarsa ta dushe, wa zai gaya masa? Wane ya yi rashi bana, hakkinsa ne a kira shi. Wane ya dawo daga Faransa da kuɗi yana son a san ya dawo. Buɗe ma'ajiyar Attaura da ɗaukarta da wasu karatuttuka, gwanjonsu ake yi, da kuɗin ake gyaran rufi, a biya malamin yara, a kai wa gwauraye da marasa ƙarfi ba tare da kowa ya sani ba. Ga shi kuma ranar idi da Asabar ba a rubutu, ba a taɓa kuɗi. Duk alkawarin da aka yi sai ya riƙe shi a ka har rana ta faɗi, sannan ya zauna ya rubuta.

Na ce, "Suna cikawa?" Ya dube ni, ya ce, "Naku suna cikawa?" Na ba shi labarin buhun sukari. Na ba shi labarin shekarar da aka kusa raba masallacinmu biyu kan wanda zai ja baƙi a tafsiri, da yadda na yi sati ina bin gidajen dattawa bayan isha'i har aka daidaita, ranar rufe tafsiri kuma aka yi wa kowa godiya a lasifika ban da wanda ya yi zirga-zirgar. Ya gyaɗa kai kawai, bai ce komai ba.

Sai ya zaro littafinsa daga aljihu ya buɗe mini. Baƙaƙen Ibrananci ne, daga dama zuwa hagu. Na ce ban iya ba. Ya karanta mini layi ɗaya, sai na ji Larabci ne tsantsa: wane, dinari kaza, saura kaza. Harshen gida suke rubutawa da baƙaƙen littafinsu mai tsarki. Na ce masa littafin da na gada daga ma'ajin da ya gabace ni, Allah ya jiƙansa, da ajami yake, Hausa cikin baƙaƙen Alƙur'ani, kuma shafukan farko har yanzu haka nake bin su. Ya ce in rubuta masa ya gani. Na karɓi alƙalaminsa na rubuta "saura jaka biyu" a bayan takardar awarwaro. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ninke ya sa cikin littafin nasa.

Ranar Juma'a na yi salla a wani masallacin Malikawa a Humt Suk. Tsibirin yana da Ibadawa da yawa, wato Musulmi mabiya mazhabar Ibadiyya, masallatansu farare ne ƙal, gajeru, masu kaurin bango kamar ganuwa. Da la'asar sakaliya na koma Hara Kabira yin sallama. Yara suna ta kai tukwane gidan gashin burodi na unguwa, inda abincin Asabar zai kwana cikin ɗumi tunda ba a hura wuta. Rana ta yi ƙasa sai na ji ƙaho daga bisa wani rufi, dogon sauti mai kaushi. Masu shago suka fara jawo ƙofofi. Abokina ya kulle nasa, ya miƙo mini hannu ya ce, "Allah ya karɓi azuminka, ya ba Kawu lafiya." Na ce, "Allah ya taimake ka da jama'arka, Sidi." Ya wuce da sauri, ya ce bai duba ko an cika fitilu ba. Ni ma na juya, saura minti kaɗan a kira magariba.

Asabar na koma Tunis ta hanyar Kantara, gadar ƙasa mai wajen kilomita bakwai da ta haɗa tsibirin da tudu tun zamanin Rumawa, don direban ya ce layin jirgin fito ya yi tsawo. Na tarar da Kawu ya fara takawa da sanduna biyu. Ya ce, "To, me ka gano?" Na ce, "Kawu, suna gyara wa mai karatu in ya yi kuskure." Ya ce, "To, da sauransu."

Mun iso Maraɗi ana cikin goman ƙarshe. Ko wanka ban yi ba ladan ya yi sallama, mabuɗi a hannu ɗaya, littafi a ɗaya. Ya ce, "Ma'aji, sannu da hanya, karɓi kayanka, ban san haka abin yake ba." Injin wuta ya mutu daren 21 ana tsakiyar tahajjud, ya ciwo bashin gyara. Mai buhun sukari ya kawo rabi. Dattawa biyu kuma ba sa ga-maciji kan wanda zai yi addu'ar rufe tafsiri. Na ba uwargida awarwaronta, na ɗauki jarka na tafi gidan mai.